Turaren da na zuba wa Yaya Habu

A watan nan da muke ciki yayana Malam Habu, wanda mutanen Madabo suka sani da Habu Ladan, ya cika shekara goma sha biyar da rasuwa. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta. Ni ne ƙaninsa Rabi'u mai turare, uwa ɗaya uba ɗaya, shekara tara ya ba ni. Duk shekara idan watan ya zagayo sai in ce bana zan rubuta wani abu a kansa, in ɗauki biro, in ajiye. Bana dai na duba madubi na ga furfura ta gama da gemuna, na ce gara in faɗa tun bakina yana motsi. Abin da ya same shi akwai hannuna a ciki, kuma cikin waɗanda aka yi abin a kan idonsu ni kaɗai na rage.

Ladanci gadon gidanmu ne. Mahaifinmu ya yi shekaru yana kiran salla a masallacin lungunmu, da ƙarfinsa ya ƙare ya miƙa wa Yaya. Ni kuwa Allah bai ba ni murya ba, in na ɗaga ta ko kaji sai sun watse. Yaya ne ya kwashe duka. Murya ce mai faɗi, ba ya tsawwala mata, ba ya yi mata kwalliya. In an ɗauke wuta lasifika ta mutu, ba ya fasa komai, sai ya hau dakalin ƙofar masallaci ya sa yatsu a kunne, matan da ke can ƙuryar lungu su ajiye abin da suke yi. Ban taɓa ganin abin da yake so a duniya kamar wannan kiran ba. Ko biki aka gayyace shi a wata unguwa, da ya ga inuwa ta karkata sai ya fara mutsu-mutsu, ya zame ya dawo.

Aikinsa na albashi kuwa a wani ɗakin gwaje-gwaje ne na masu koyon likitanci. Mu a gida abin da muka sani shi ne yana kiwon ɓeraye. Farare ne tas, masu jan ido, a cikin keji-keji. Na sha tsokanarsa da cewa duk Kano mutane suna neman maganin ɓera, shi kuma gwamnati tana biyansa ya ba su abinci. Sai ya yi dariya ya ce, “Kai dai sayar da ƙamshinka, Rabi'u.” Ya san kowanne a cikinsu, ya san mai cizo da mai lalaci. Ranar hutu ma sai ya hau babur ya je ya canza musu ruwa, wai dabbar da ka tsare haƙƙinta yana wuyanka.

Abin da bai gaya mana ba shi ne irin aikin da aka ɗora masa a shekarar da sojoji suka koma bariki. Wata likita da yake aiki a ƙarƙashinta tana so ta san ko rauni yana canza yadda barasa take zama a cikin jini. Dalilinta mai kyau ne. Kullum ana kawo mutanen da suka yi hatsari, a ɗebi jininsu, a ga adadi a takarda, a yanke hukunci a kansu, ko wajen magani ko wajen shari'a, alhali ba a tabbatar jikin da ya ji ciwo yana tafiya da abin kamar lafiyayyen jiki ba. To ba a gwada wannan a kan mutum. Yaya ne zai auna nauyin ɓera, ya sa shi barci da allura don kada ya ji zafi, a yi masa ɗan rauni a ƙafa, sannan a ɗura masa barasa gwargwadon awo. Wani ɓeran kuma lafiyayye a ɗura masa daidai wannan awon. Daga nan sai zaman agogo, lokaci-lokaci ya ɗebi ɗigon jini a wutsiyar kowanne ya rubuta. Daga baya ya gaya mini sai da ya je ya tambayi wani malami kafin ya karɓi aikin, kuma bai taɓa kama ɓera ba sai da bisimilla. Amma a gida bai furta ba. Kunya ta hana shi. Ladanin unguwa, ɗan ladani, a ce hannunsa yana taɓa kwalbar barasa kowace safiya? Ya ga gara ya yi shiru.

Wanda ya san Kano a wannan lokacin ya san yadda gari yake. 'Yan siyasa sun dawo, kowane bango da hoton wani, kowace majalisa ana gardama. Maganar shari'a kuma ta fara cika bakin jama'a, a masallaci, a kasuwa, a wajen mai shayi. Lokaci ne da kalmar mashayi in ta hau kan mutum ba ta sauka da sauƙi.

Wata Laraba, ana gab da la'asar, Yaya ya tuɓe farar rigar aiki ya sa tasa zai taho, sai ya tuna bai mayar da babbar kwalbar barasar cikin kabad ba. Garin ɗauka ta suɓuce, ta fashe a gefen tebur, ta jiƙe masa riga tun daga ƙirji har gwiwa. A wurinsa wannan riga ta zama najasa, ba zai tsaya gaban Allah da ita ba, balle ya kira mutane. Ya duba agogo ya ga in ya yi sauri zai isa gida ya yi wanka ya canza kafin lokaci. Ya hau babur ya taho. Dab da kwanar shagona ayarin magoya bayan wani ɗan siyasa suka ɓullo a guje suna ta danna oda, ya kauce musu, ya faɗa kwata. Ƙafarsa ta karye, kansa ya bugi bakin siminti, ya suma.

Ni da maƙwabcinmu Alhaji Mudi, dillalin fata, mu muka fara isa kansa. Ina sunkuyawa in ɗaga shi warin ya buge ni. Jama'a, ni mai turare ne. Tun ina saurayi nake fariya da hancina, in ka wuce ta gabana zan gaya maka abin da ka shafa da inda ka saya. Hancin nan ya ce mini barasa ce, kuma bai yi ƙarya ba. Zuciyata ce ta yi ƙarya. Cikin ƙiftawar ido na yarda cewa yayana, wanda ya goya ni, wanda ban taɓa ganin ya sha ko sigari ba, ya sha ya bugu ya faɗi. Ban ce ko akwai wani dalili ba. Na yarda kawai, kuma har yau in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni.

Alhaji Mudi ya ce a yi maza a kai shi asibiti. Na ce a'a. A raina ina cewa a asibiti an san shi, za a ɗebi jininsa, a rubuta, asirin gidanmu ya tonu. Mu kuwa an raine mu a kan cewa ɗan'uwa rufin asirin ɗan'uwansa ne, ko me ya yi, ka rufe tukuna, faɗa sai an shiga gida. Na ja shi cikin shago, na yage rigar na cusa a ƙarƙashin kanta, na rufa masa mayafi. Sannan na miƙa hannu na ɗauko kwalbar almiski mafi ƙarfi da nake da ita, na juye masa duka, ƙirji da wuya da gemu. Alhaji Mudi yana tsaye yana kallona. Na samo a-kori-kura muka kai shi gidan wani maɗori a Ƙofar Dawanau. Mutumin da ya bugu a ka, ya suma, na kai shi wajen ɗori! Allah ne kawai Ya tsare, ba dabarata ba.

Ranar nan wani ne ya kira la'asar a masallacinmu. Kafin magariba labari ya kai Yakasai, har gwaggonmu da ke aure a can ta aiko tana tambaya. Ba na ganin laifin Alhaji Mudi, abin da ya gani ya faɗa, bai ƙara gishiri ba. Ya ji wari, ya ga ƙanin mutum ya ɓoye riga, ya zuba turare, ya hana a je asibiti. Ko ni aka ba wa wannan labari a kan wani, na san abin da zan ce.

Sai washegari da hantsi Yaya ya dawo hayyacinsa sosai, an ɗaure ƙafar da kara. Ya shaƙi jikinsa, ya yamutsa fuska, ya dube ni ya ce, “Rabi'u, wa ya mutu aka yi mini wanka da almiski?” Na sunkuyar da kai na ce masa kada ya damu, na ɓoye rigar, ba wanda zai ji daga bakina, Allah Mai gafara ne. Ya ƙura mini ido. Sannan ya fahimci abin da nake nufi. Wallahi gara a ce ya mare ni. Bai ɗaga murya ba, a hankali ya ba ni labarin ɓerayen da kwalbar, tun daga farko. Da ya gama ya ce, “Da ka kai ni asibiti jiya, ɗigo ɗaya ya ishe ni shaida.”

Nan take na miƙe, na ce to ai ba a makara ba, yanzu ma sai mu je a ɗeba, a ba mu takarda, in kai wa Liman, in manna a ƙofar masallaci in ta kama. Ya girgiza kai. Ya ce barasa ba ta zama a jini ta jira mutum, awa-awa take raguwa, ko wanda ya sha ya yi tatil in ya kwana ya wuni za a iya samun jininsa wankakke. Ya ce shi da ya yi watanni yana zaman agogo a kan ɓeraye ya fi kowa sanin haka. Ya ce ko a ranar ma, jikin da ya ji rauni ba kamar lafiyayye ba ne, ciki yakan yi nawa, abin da aka sha ya makara bai shiga jini ba, shi ya sa ba a karanta adadin jinin mai rauni da gaggawa, sai an san lokacin da aka ɗeba da halin da jikin yake ciki. Amma wanda bai sha ba sam, in an ɗeba a kan kari, babu abin da za a gani, kuma wannan damar ta wuce jiya. Na ce, “Yaya, wa ya san wannan a Madabo? Takarda kawai za su gani.” Ya ce, “Ni na sani. Takardar za ta faɗi gaskiya, ni kuma in yi ƙarya da ita.” Na yi magiya har da hawaye, ko gezau bai yi ba.

Haka na yi garin neman gira na rasa ido. Abin da ya fi ba ni haushi, da na fara zagin kaina sai ya tare ni da raha, wai in ɓera da sata daddawa ma da wari, da bai ɓoye mana aikinsa ba da ban yi zaton da na yi ba. Har a wannan hali ɓera ne a bakinsa.

Da ya fara takawa da sanda ya je ya sami Liman ya gaya masa komai, ni ma na tsaya bayan magariba a gaban jama'a na faɗi wautar da na yi. Har ya ɗauki Liman da Alhaji Mudi ya kai su wajen aikin nasa. Ina ma kun ga dattawan nan da manyan riguna suna leƙen keji, Liman yana ja da baya duk lokacin da ɓera ya ɗaga hanci. Aka buɗe musu kwalba, Alhaji Mudi ya shaƙa ya ce lalle wannan warin ne ya ji. Liman ya gamsu. Amma a hanya Alhaji Mudi ya faɗi wata magana, ya ce yanzu ya tabbata barasa tana kusa da hannun Malam Habu kullum, amma wannan bai nuna masa ba ta kai bakinsa ba. Unguwa ta rabu biyu. Wasu suka ce ko bai sha ba, mai wannan aiki bai dace da ladanci ba. Yaya da ya ga abin zai zama rigima a masallaci, sai ya je ya ce wa Liman a ba wani. Ya ce kiran salla don a taru ake yinsa, in muryarsa za ta sa wani ya tsaya a gida yana gunaguni, ba ta da amfani.

Bai bar aikin ɓerayensa ba, bai kuma bar sahun farko ba. Kullum yana nan a bayan sabon ladan, yana amsa kira a hankali. Ni na san abin da yake ci masa rai, domin sau da yawa in lokaci ya yi nakan ga leɓɓansa suna motsi kafin lasifika ta fara. Bai taɓa yi mini gori ba. Iyakarsa duk jajibirin salla sai ya zo shago, ya zauna a kan benci, ya ce a gaban kowa, “Mai hanci, ba ni irin wanda ka yi mini wanka da shi.” In ba shi ƙaramar kwalba, ya sa a aljihu yana dariya, ni kuma in rasa inda zan sa fuskata. Ban taɓa jin ƙamshinsa a jikinsa ba, na ɗauka kyauta yake yi da shi.

Wani lokaci nakan zauna in ce da yau abin ya faru fa? Yanzu da mutum zai faɗi a titi, kafin a ɗaga shi an ɗaga waya goma. Da kafin ya farfaɗo hotonsa ya kai inda bai taɓa zuwa ba, mutanen da ba su san ko sunansa ba suna yanke masa hukunci. Na san da Yaya yana nan da ya ce mutane suna karanta jini ba su duba agogo ba. Haka yake cewa duk lokacin da aka kawo masa gulmar wani, ya tambaya yaushe aka gani, a wane hali mutumin yake, me ya faru kafin nan. Mai gulma yakan gaji ya tashi. Sai dai ba zan ɗora wa zamani laifi duka ba, domin ni ban da waya a lokacin, hanci kawai gare ni, kuma ya isa ya yi ɓarna. An ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, to ina ga wanda bai zama ba?

Bayan shekara biyu da hatsarin matata ta haifi 'yarmu ta fari. Ungozoma ta miƙo mini ita a zaure don in yi mata kiran salla a kunne kamar yadda aka saba. Na karɓe ta, na tsallaka tsakar gida, na shiga ɗakin Yaya na ɗora masa ita a cinya. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya kai bakinsa kunnenta na dama ya fara. A hankali ya yi, amma muryar nan ce, ba abin da ya ragu. Matan gida suka taru a bakin ƙofa, matarsa Yaya Binta ta juya tana share ido da gefen mayafi. Daga ranar, ban san yadda aka yi ba, duk wanda aka yi wa haihuwa a lungunmu sai ya naɗo jaririn ya kawo wa Malam Habu. Ba a yi shawara ba, ba a yi sanarwa ba. Wata safiya ina shara a ƙofar gida sai ga Alhaji Mudi da jikansa a hannu, ya yi sallama, ya ce, “Malam yana ciki?” Bai ƙara ko kalma ɗaya a kan wannan ba, Yaya ma bai nema ba. Daga baya Liman ya roƙe shi ya dawo kan ladanci, ya ce a'a, wanda yake yi ya riƙe amana, ba za a karɓe masa don a faranta wa wani ba.

Shekara takwas ya yi bayan hatsarin, yana ɗan ɗingishi, sannan ciwon ajali ya zo, bai daɗe yana jinya ba. Ba ni da labarin inda aikin likitar nan ya ƙare, ko an buga shi ko yana cikin wani kabad ƙura ta rufe. Ban san ko ya taɓa kuɓutar da wani direba daga zargi ba, ko ya sa wani likita ya dakata kafin ya yanke hukunci. Ina fata ya yi. Abin da na sani shi ne yau a Madabo akwai samari da 'yan mata da dama, wasu har sun fara aiki, waɗanda muryar Habu Ladan ce kalmar Allah ta farko da ta shiga kunnensu. Akwai kuma tsoho ɗaya mai turare da ya daina fariya da hancinsa. Ga kuma shaidar da na kasa bayarwa a ranar da take da amfani, ina ba da ita yau a rubuce: yayana bai sha ba, bai taɓa sha ba, ni ne na zuba turare a kan abin da babu shi.

Ranar da ya rasu, bayan an yi masa wanka an kawo likkafani, aka ce ina turare. Na yunƙura zan aika shago, sai Yaya Binta ta aiko a kira ni bakin ƙofa. Ta miƙo mini wata tsohuwar jakar fata. Na buɗe, sai ga ƙananan kwalaben almiskin nan da yake karɓa a wurina duk salla, a jere, ko ɗaya bai buɗe ba. Ta ce, “Ya ce kai za ka zuba masa da hannunka. Ya ce kuma in gaya maka, wannan karon ka zuba a hankali, babu abin da za a ɓoye.”

Na durƙusa a gabansa na zuba, ɗaya bayan ɗaya, ƙirji da wuya da gemu. Ana cikin haka aka kira la'asar.